Filin Agbogbloshie: Kada A Yi Kitso Da Kwarkwata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan tsohon filin 'yan kondem, wato masu fasa tsofaffin ƙarafa da kayan lantarki, na Agbogbloshie da ke bakin kogin Odaw a nan Accra. Mu masu wannan wasiƙa aikinmu gwajin ƙasa ne da renon dashe. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar da muke yawan ji a majalisu, daga Nima har Sabon Zango, cewa tunda an kwashe tarkace daga wurin, abin da ya rage a dasa itatuwa a kafa bencina, shi ke nan wuri ya gyaru. Masu faɗar haka nufinsu alheri ne, amma idan aka bi shawararsu a gaggauce za a yi kitso da kwarkwata.

A farkon watan Yulin 2021 ne katafila ta shiga filin, lokacin da Henry Quartey yake ministan yankin Accra, aka rushe rumfunan masu fasa ƙarfe, aka kuma mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Katafila abin da ke bisa ƙasa take kwashewa. Wanda ya kafa shebur a inda aka shekara da shekaru ana ƙona wayar lantarki don a ciro jan ƙarfe, zai tarar da baƙar ƙasa mai laushi kamar kunkunniya, cakuɗe da ɓaraguzan gilashin talabijin da guntayen roba da suka narke suka dunƙule, kuma idan ruwa ya taɓa ta har yanzu tana tayar da ƙaurin ƙonanniyar taya. A shekarar 2013 cibiyar Blacksmith, wadda yanzu ake kira Pure Earth, ta sa Agbogbloshie cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya, kuma ta ambaci samfurin ƙasar da aka samu dalma har miligiram 18,125 a kowane kilo. A lokacin, ma'aunin Amurka na ƙasar unguwannin zama miligiram 400 ne, a 2024 ma aka sauko da shi zuwa 200. A 2019 kuma ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network suka fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, inda suka tarar ƙwai ɗaya kacal yana ɗauke da gubar dayoksin da ta ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci a rana sau 220. Kazar nan ba a bakin wutar ta kwana ba. Tsattsaga ƙasa kawai take yi tana tsince-tsince.

Gubar da ke wurin ba iri ɗaya ba ce, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Akwai ƙarafa: dalma daga batura da gilashin tsofaffin talabijin da ƙarfen da ake narkawa a liƙa wayoyi da shi, kadmiyom, jan ƙarfe, tutiya, zaiba. Waɗannan ba sa ruɓewa ko shekara dubu za su yi. Ko dai a kwashe su, ko a rufe su, ko a ɗaure su yadda ruwa da saiwa ba za su iya ɗaukarsu ba. Akwai baƙin mai da gas da suka zuba daga injuna, su kam ƙwayoyin halittar ƙasa suna cinye su idan an ba su iska da danshi. Sai kuma dayoksin da ke fitowa daga ƙona robar waya, da man tsofaffin taransifoma mai sinadarin PCB, waɗanda suke manne wa ƙasa da kitsen dabba su daɗe ƙwarai.

Saboda haka aikin farko awo ne. A yanka filin gida-gida, mita 20 tsawo mita 20 faɗi, wato wuri 25 a kowace hekta, a kuma matse zuwa mita 5 a inda aka san an yi ƙone-ƙone ko fasa batura. Tsofaffin 'yan kondem sun fi kowane injiniya sanin waɗannan wurare, a tafi da su su nuna da yatsa. A kowane wuri a ɗebi ƙasa hawa uku: sama zuwa santimita 15, daga nan zuwa 30, sannan zuwa 60 ko fiye idan har yanzu baƙi ake gani. Akwai na'urar hannu mai suna XRF, kamanninta kamar bindigar wasan yara, ana ɗora bakinta a kan ƙasa ta nuna yawan ƙarfe cikin minti ɗaya ko biyu. Kuskuren da ake yawan yi da ita shi ne auna jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin danshi yana sa lambar ta fito ƙasa da gaskiya, a ce wuri lafiya lau alhali ba haka ba. Sai an shanya samfurin, an daka, an tankaɗe. A kowane goma ko ashirin kuma a aika ɗaya ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar. Muna da su a Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya da Cibiyar Binciken Ƙasa da ke Kwadaso a Kumasi. Na'urar hannun ba ta ganin dayoksin ko PCB ko kaɗan. Gwajinsu yana da tsada, shi ya sa ɗan kwangila mai son riba yakan tsallake shi, shi ya sa kuma dole a rubuta shi ƙarara a takardar kwangila.

Inda lambobin suka yi tsanani, babu dabarar da ta wuce kwashewa. 'Yan uwanmu na Zamfara sun ɗanɗana wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga daka duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Abin da ya tsayar da mace-macen, tare da maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka bayar, shi ne kankare saman ƙasar gidaje da tsakar ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, a binne ta a ramin da aka tanada, a zuba sabuwa mai tsabta. Likitocin sun dage sai an gyara gidan da yaro zai koma, don in ba haka ba maganin aikin banza ne. Namu ya fi nasu wuya ta fuska ɗaya: a Zamfara gubar a saman ƙasa take, a Agbogbloshie kuwa toka da bola sun yi shekaru suna hawa kan juna a wurin da asalinsa fadama ne. Kafin motar haƙa ta fara aiki sai an san inda ƙasar za ta je. Ramin da za a zuba ta yana buƙatar daɓen yumɓu da shimfiɗar roba mai kauri, nesa da rijiyoyi. Idan ba a sa ido ba, direban tifa zai sayar da ita ga mai neman ciko a unguwa, gubar ta tashi daga bakin Odaw ta koma tsakar gidan wani. A riƙa rubuta lambar kowace mota da sa'ar da ta tashi da sa'ar da ta sauke. A rufe kayan da tampol, a wanke tayoyi a bakin ƙofa, a riƙa yayyafa ruwa yayin haƙa. Kada a yi wannan aiki a tsakiyar hunturu, iskar Disamba da Janairu za ta kai ƙurar har kan tiren masu sayar da abinci. Ma'aikata kuma su bar kayan aikinsu da takalmansu a wurin, su yi wanka kafin su tafi gida, domin a jikin rigar uba gubar take bi ta kai ga jariri.

Sauran filin da ba za a iya kwashewa ba sai a yi masa marfi. Ana daidaita ƙasa a ba ta ɗan gangare don kada ruwa ya kwanta, a shimfiɗa yumɓu a daddaɓe shi sosai, a ɗora wani yadi mai launi mai ɗaukar ido, ja ko ruwan lemo, sannan a zuba ƙasa mai tsabta. Amfanin yadin shi ne duk wanda ya zo haƙa ramin bututu ko harsashin gini nan da shekara ashirin, da ya gan shi ya san ya iso iyaka. Kaurin ƙasar sama kada ya gaza santimita 30 inda ciyawa kawai za a shuka, 60 inda yara za su yi wasa, mita ɗaya ko fiye inda za a dasa itace. Mu yi lissafi a fili don kada a ruɗi kowa: hekta ɗaya a kaurin santimita 60 tana cin ƙasa kubik mita 6,000, wato sawu 300 na tifa mai ɗaukar kubik mita 20. Wanda ya ce zai gyara filin da tifa hamsin, fenti zai yi masa. Ita ma sabuwar ƙasar sai an gwada ta kafin a sauke, kuma kada a je a kankare gonar wani a Amasaman a bar masa marmara. Ƙasar da ake fitarwa daga harsashin manyan gine-gine, idan an gauraya ta da taki, tana yin aikin.

Inda gubar ba ta yi yawa ba, ana iya ɗaure ta a wurin. Ƙarafa sun fi narkewa a ƙasa mai tsami, don haka ana zuba garin farar ƙasa har ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke hawa idan tsamin ya ragu, ya kai 6.5 zuwa 7. Amma a auna tukuna, domin ƙasar da toka ta yi wa yawa sau da dama ta riga ta wuce nan, ƙara mata farar ƙasa sai ya sa ganye ya yi ɗorawa shuka ta tsumbure. Takin fosfet yana kama dalma ya mayar da ita wani dutse da ba ya narkewa da sauƙi, sai dai shi ɗin ne kuma yake kwance wata gubar mai suna asanik daga jikin ƙasa ya sake shi cikin ruwa, wanda ya zuba shi bai duba asanik ba ya yi gyaran gangar Auzinawa. Gawayi da aka niƙa yana da amfani sosai, kuma ɓawon kwakwa da ke cika kwatocin Accra ya isa a yi gawayin da shi. Taki kuwa, shimfiɗar santimita 5 a hekta ɗaya kubik mita 500 ce. Takin da aka yi da sharar gari sai an gwada shi, don batirin tocila ɗaya da ya fashe a ciki ya isa ya ɓata tuli guda. Ƙasar da mai ya jiƙa kuma a ware ta, a baza ta a kan roba kaurin santimita 30, a cakuɗa da kashin kaji da garin katako, wanda kasuwar katako ta Timber Market da ke maƙwabtaka ba ta rasa shi, a riƙa juyawa duk mako. Danshin da ake so shi ne idan ka damƙi ƙasar ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Cikin 'yan watanni warin man zai ragu ƙwarai. Ƙarfen da ke cikinta dai yana nan daram.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu. Ana yawan cewa akwai tsirran da ke tsotse guba, a shuka su kawai su wanke ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki idan kadmiyom ko tutiya ake nufi kuma ba su yi yawa ba. Dalma kuwa a saiwa take maƙalewa, kaɗan ne ke hawa ganye. Santimita 20 na saman hekta ɗaya ya kai nauyin tan 3,000. Idan akwai dalma miligiram 1,000 a kilo, wanda a Agbogbloshie ba abin mamaki ba ne, to dalmar da ke kwance a hektar kilo 3,000 ce. A ce shukar ta ba da busasshen ganye tan 10 a shekara, kowane kilo ɗauke da miligiram 100, abin da aka cire a shekara kilo ɗaya ne tak. Mai karatu ya ƙarasa lissafin da kansa. Aikin shuka a irin wannan wuri shi ne ta riƙe ƙasa kada iska ta ɗauka kada ruwa ya wanke, ta rage ruwan da ke nutsewa, ta dawo da tsutsa da ƙwaro da tsuntsu a hankali. Wannan ma babban aiki ne, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Ciyawar da ta fi dacewa ita ce jema, wadda dattawan da suka taso a Arewa suka sani a bakin fadama. Irin da ake amfani da shi a wannan aiki ba ya yaɗuwa ta iri, saiwarsa tana nutsawa mita uku, yana jure fari da ambaliya da ƙasa mai ƙarfe. Ana dasa 'ya'yansa a layi, tazarar santimita 10 zuwa 15, layukan suna gicciye gangare, cikin shekara ɗaya su haɗe su zama shinge mai tace laka. Wurinsa bakin kwata da gaɓar kogi da gefen filin. Kada a dasa shi a kan marfin yumɓu mara kauri, saiwar za ta huda shi. Kuma a hana tonon saiwar don ƙamshi ko magani, nan ne ƙarfen yake taruwa.

A wajen itatuwa, tambayar da za a fara yi ita ce: akwai mai ci, ko mai sha, ko mai ba dabba? Idan akwai, a bar shi. Zogale, rama, alayyafo, kontomire (ganyen gwaza), latas, duk haramun ne a wannan fili, ganyayyaki ne suka fi ɗaukar kadmiyom, ƙura kuma tana maƙale musu. Mangwaro da kwakwa za su jawo yara su zauna a ƙasa suna ci da hannu. Dogon yaro yana jure komai, amma kowa ya san ana dafa ganyensa idan zazzaɓi ya zo ana kuma yin asuwaki da reshensa. Maɗaci ma haka, dubi yadda ake sassaƙe ɓawonsa a bakin titunan Accra. Kasiya ta fi, don tana tsira a ƙasa mara ƙarfi kuma dabbobi ba su cika damuwa da ita ba, kusa da ruwan gishiri kuma kasurina, wadda ake gani a bakin teku. Rami santimita 60 ta kowace fuska, tazarar mita uku, wato dashe wajen 1,100 a hekta. A inda aka yi marfi, gara a tara tudu a dasa a kai maimakon a haƙa a fasa yumɓun. Wani abin da ke kashe dashe a tsohuwar bola ba tare da an gane dalili ba shi ne iskar gas da ke tasowa daga shara mai ruɓewa a ƙarƙashi, tana korar iskar da saiwa ke shaƙa. Itace ya yi kyau wata shida, sai ya bushe daga sama. Maganinsa bututun fitar da iskar da ake kafawa tun kafin a rufe. Ƙasar ma za ta riƙa lotsawa, sai ana ciko.

Lokacin dashe farkon babbar damina ne, Afrilu zuwa Mayu, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke a Agusta. Accra ba Kumasi ba ce, ruwanta bai cika wuce milimita 800 a shekara ba. Rani na farko da na biyu kowane dashe yana son lita 20 sau biyu a mako, hekta ɗaya ke nan lita 44,000 duk mako, kuma ba daga Odaw za a ɗebo ba. Tun 2021 da aka fara ranar Green Ghana da burin dasa itace miliyan biyar mun ga yadda ake taruwa a dasa a ɗauki hoto. Abin da ba a cika gani ba shi ne mai ban ruwa a watan Fabrairu. Shawararmu a riƙe kaso mai tsoka na kuɗin ɗan kwangila, a biya shi bisa yawan itatuwan da aka ƙirga da rai bayan rani biyu.

Shinge kuwa ba ado ba ne. Duk wanda ya san wurin ya san shanu da tumaki suna kiwo a bakin Odaw. Saniya tana haɗiyar ƙasa tare da ciyawa, dalma da kadmiyom su taru a hantarta da ƙodarta, dayoksin ya shiga kitse da nono, ƙarshenta a tukunyarmu ko a tsiren bakin titi. Da zarar fili ya yi kore, dabbobi za su fi zuwa fiye da lokacin da yake toka, wato shuka ba tare da shinge da mai gadi ba tana iya ƙara hatsarin. Ciyawar da aka yanka kada a sayar wa masu kiwon ragunan layya, kada kuma a ƙona ta a fili. A bar ta ta ruɓe a gindin itatuwan.

Game da gaɓar kogi da tafkin Korle da Odaw ke zuba a cikinsa, a tuna da aikin farfaɗo da tafkin da aka fara wajen shekarar 2000: an yashe laka, amma shara da dagwalo ba su daina gangarowa daga sama ba, tafkin ya sake cikewa. A tuna kuma da ambaliyar 3 ga Yunin 2015. Duk marfin da ba a ɗaure gefensa da duwatsu da jema ba, ruwa irin wannan zai yaye shi dare ɗaya. Lakar da ake yasowa daga Odaw ita ma gurɓatacciya ce, kada a jibge ta a kan wurin da aka gama gyarawa. Itatuwan mangurob, masu tsiro a inda ruwan teku ke shiga yana fita, za su iya komawa bakin tafkin, amma sai ruwan ya sami hanyar shiga da fita, kuma sai an tare robobin da ke shaƙe saiwoyinsu masu numfashi.

Bayan dashe, a haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, wasu ta saman filin wasu ta ɓangaren kogi, a riƙa ɗibar ruwa sau biyu a shekara, damina da rani, aƙalla shekara biyar. A riƙa zagayawa bayan kowane babban ruwa a duba inda jan yadin nan ya leƙo. Yaran unguwar Old Fadama da ke kusa da filin da kewayenta a gwada jininsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 a kowace desilita sai a nemi inda dalmar take fitowa, kuma babu adadin da za a ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Saura mutanen da aka tasa. Ƙonar waya ba ta mutu da rusau ba, ta watsu ne zuwa lunguna da bayan gidaje, inda ya fi wuyar gani. Dokar sharar lantarki ta 2016, Act 917, ta tanadi asusu don wannan fanni, kuma injin fere waya ba tare da wuta ba an riga an gwada shi a Agbogbloshie ɗin kanta. Samarin nan, waɗanda yawancinsu daga Arewa suka zo, su ya kamata a fara ɗauka aikin renon dashe, ban ruwa da gadi, da albashi na wata-wata. Muna roƙon hukumar kare muhalli ta EPA da majalisun da filin ke ƙarƙashinsu su buga sakamakon duk gwajin da aka yi, da taswirar da ke nuna inda ya fi zafi, a manna a bakin filin da Hausa da Dagbanci da Ga da Tuwi. Sarakunan zango da limamanmu kuma, Allah ya ƙara musu girma, idan aka gayyace su bikin dasa itace a wurin, su nemi a nuna musu wannan taswira da sunan wanda zai biya mai ban ruwa kafin su karɓi shebur.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin gwajin ƙasa da renon dashe,
Nima da Sabon Zango, Accra.